Kwanon da Ya Ci Bashi da Sunana

Ran wata Laraba ce kwanona ya dawo daga kasuwa ba ko ƙwayar hatsi a ciki. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ta kai shi, ita kuma ta dawo da shi. Ta ajiye shi a bakin murhu, ta zauna a kan turmi tana haki. Ina tsugune ina matsar man gyaɗa, hannuwana duk tunkuza, sai na ture murfin da bayan hannu na leƙa. Na ce, “Inna, hatsin hwa?” Ta ce, “Alhaji mai hatsi ya ce a hwaɗa maki ki hwara sauke na baya.” Na yi dariya, don ni a sanina babu wani na baya. Da na ga Inna ba ta taya ni ba, sai na bar dariyar.

Sai na yi bayanin kwanon nan, don wanda bai zauna unguwarmu a Ƙonni a wancan zamani ba, zai ɗauka kwano kwano ne kawai. Matar aure irina ba ta zuwa kasuwa, kwanonta ke zuwa a madadinta. Kowace mace tana da shaidar da take yi wa kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki. Wata ta ɗiga fenti a gindi, wata ta ɗaura zare a hannun murfi, wata ta karce da ƙusa. Ƴan kasuwar da muke hulɗa da su sun fi sanin shaidun nan a kan fuskokinmu, don yawancinmu ba su taɓa ganinmu ba. In kwano ya isa rumfa, ko wa ya riƙo shi, mai kaya zai juya shi ya duba, ya auna abin da aka ce, ya riƙe a ka cewa gidan wane sun ɗauka. In Laraba ta zagayo, a ƙulle kuɗi a tsumma a sa cikin kwanon a aika. Nawa fari ne mai shuɗin baki, da jan zare a murfi da ɗigon koren fenti a gindi. Uwata ta sayo min su a kasuwar Badagishiri lokacin aurena, guda biyu iri ɗaya, ita kuma ta ɗiga fentin da tsinke.

Maigidana ɗan cin rani ne. Da an gama girbi yake bin motar Abijan kamar yawancin mazan ƙasarmu, ya dawo kafin ruwan shuka. A shekarar nan damina ta yi gardama, hatsi ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Ya tafi da wuri, ya bar ni da uwarsa da yara uku da rumbun da ko kaza ba ta kula shi. Aka kuma rufe iyaka, gyaɗar da muke samu daga ƙetare ta koma shigowa ta daji a kan jakuna, da tsada. Saƙonsa ya zo sau ɗaya, daga nan shiru. Man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da nake yi su suka riƙe gidan, su ma ba da jarina ba. Gyaɗa bashi, hatsi bashi, in sayar in biya in sake ɗauka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba tunda ina biya. Amma na sani sarai, ranar da kwanon nan ya daina karɓuwa a kasuwa, ranar tukunyarmu za ta daina hawa murhu.

Na wanke hannu na shiga ɗaki na buɗe randar da nake ajiye hatsi. Abin da ya rage ba zai kai mu wata Laraba ba, ko da kunu za mu yi ta sha. Kafin yamma mai amalanken da ke kawo min gyaɗa ya iso da rabin abin da aka saba, ya ce mai gyaɗa ya ce haka nan ta samu. Bai dube ni ba da yake faɗa. Da ɗan ga-ruwa ya zo, mutumin da shekara da shekaru yake juye mana ruwa mu biya shi ran Juma'a, sai ya tsaya a zaure da garewani a kafaɗa yana ƴan kame-kame, har sai da na miƙa masa kuɗinsa kafin ya shigo. A nan na gane maganar ta riga ni fita. Ana faɗin wani abu a kaina a gari, kuma kowa ya ji sai ni.

Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida. Ni a kwanakin nan su biyun a ɗakina suka tare. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ni da Inna muka koma kallon juna ta wutsiyar ido. Muna cin tuwo ta ce, kamar da wasa, “Ke ɗiyag ga, ko dai kin yi ma mutanen Badagishiri aike ba mu sani ba? Ba laihi na ba, su ma yunwag ga ta taɓa su.” Ni kuwa a zuciyata ina lissafin goron da take ci, ina cewa ko tsohuwar nan tana rage kuɗin da nake ƙullewa ne a hanya. Allah ya gafarta mata, matar da ko allurata ba ta taɓa ɗauka ba sai ta tambaya. Rashin sani ne ya sa kowa ya zama ɓarawo a idon ɗan'uwansa.

Washegari na ce mata zan tafi kasuwa da ƙafata. Ta riƙe baki. Ta ce me zan ce wa ɗanta in ya dawo ya ji matarsa ta ratsa rumfunan maza? Na ce in ya dawo ya tarar da ƴaƴansa da rai, sai ya yi faɗan da zai yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ta ɗauki sandarta ta ce to tare za mu, kada a ce ni kaɗai na fita. Na lulluɓa da mayafi har goshi. Rabona da cikin kasuwar Ƙonni tun ina budurwa da muke zuwa da kawuna sayar da albasa, har hanyar ta ɓace min, Inna ce ke gaba.

Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna da yawa a rufe. Alhaji mai hatsi yana zaune a kan buhu yana jan carbi. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar, mutumin da shekara shida ko bakwai muke ci daga tiyarsa, wato kwanon awonsa. Siriri ne, ba irin ƙaton da nake zato ba. Muka gaisa, na durƙusa daga gefe, na ce, “Alhaji, ni ce mai kwano da jan zare. Na taho in ji mi aka bina.” Ya ajiye carbin. Sannan ya faɗi yawan tiyoyin. Na ji kamar an kwaɗa min taɓarya a ƙeya. Hatsin da ya ambata ya kai abin da gidanmu ke ci a wata biyu.

Na ce ai kowace Laraba ina aiko da kuɗi. Ya ce haka ne, kuɗin safe ba su taɓa yankewa ba. “Amma na bayan azahar hwa? Kwanonki sau biyu shika zowa, da sahe da bayan azahar, tun bayan ƙaramas salla.” Na ce to me ya hana shi magana tun farko? Ya ce, “Haba, ɗiyata. Mijinki ba shi gari, shekara ta yi wuya. In tona asirin matar aure ga bakin ɗan aike? Cewa niy yi kin shiga matsi, in kin samu kin biya.” Wato mutunci ya yi min. Mutuncin nan nasa kuwa shi ya kusa kashe ni, don da ya yi min rashin kunya tun Larabar farko da tiya biyu kawai zan biya.

Na tambaye shi wa ke kawo kwanon bayan azahar. Ya ce wata tsohuwa. Inna ta buga sanda a ƙasa ta ce, “Ni ma tsohuwa ta, Alhaji, ka dube ni da kyau!” Ya ce a'a, ba ita ba, waccan ta fi ta ranƙwafawa, shi ya ɗauka wata gwaggon gidan ce. Ya ce shi ba ya duban fuskar matan mutane, gindin kwano yake dubawa. Sannan ya ƙara da wata magana. Ya ce in leƙa wurin mai gishiri, da mai sabulu, da mai teburin magani na bakin tasha, don ranar da suka zauna bayan la'asar ya ce kwanon gidanmu ya yi nauyi, su ma kowa ya ce yana bi.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace rumfa in durƙusa in ce ni ce mai kwano da jan zare, me ake bina? Kowace rumfa sai an faɗi wani abu. Mai gishiri yana bi, har da kanwa. Mai sabulu yana bin kaɗan. Mai teburin magani, wanda ban taɓa aika masa ko sau ɗaya ba, yana bin kuɗin ƙwayoyin zazzaɓi da ruwan maganin zawo na yara. Na ce kai da ba ka san ni ba, don me ka ba da? Ya ce ai sunan kwanon ya sani, an ce ba ya kwana biyu da bashi. Sunan da na yi shekaru ina tarawa da guminna shi wani ya ɗauka yana ci da shi rumfa rumfa, ni ina gida ina matsar mai ina ganin kaina mai gaskiya.

Maganin yaran nan ne ya tsaya min a rai a hanyar komawa. Ɓarawo ba ya cin bashin maganin zawo. Muna shiga gida na wuce ɗaki na tsaya gaban jerena, inda kwanukan aurena suke, na dubi gurbin da na daɗe da sanin babu komai a cikinsa. Cikin azumi wani maƙwabcinmu na bayan masallaci ya rasu, motar albasa ta faɗi da su a hanyar Malbaza. Ya bar mata da ƙananan yara da tsohuwar uwarsa. Kamar kowa a unguwa na dafa abinci na aika gidan makoki, kuma a ɗan'uwan kwanon nan na zuba. Bai dawo ba. Na tuna da shi ba sau ɗaya ba, amma wa zai je gidan mutuwa ya ce a ba shi kwanonsa? A wurinmu ba a yi. Sai dai ka jira su tuna, in ba su tuna ba ka bar wa Allah.

Na faɗa wa Inna. Ta zauna a bakin gado ta yi salati, ta ce ai tsohuwar nan, uwar mamacin, ƙawarta ce tun suna amare, tare suke zuwa rijiya. Ta ce kada in kuskura in je gidan da wannan magana ba tare da na gani da idona ba. Na koma wurin Alhaji na roƙe shi ya bar ni in zauna a rumfarsa ran Laraba. Ya yarda, amma ya gindaya min magana. Ya ce in aikena ne, in biya. In kuwa ba aikena ba ne, to sata ce, kuma ba shi kaɗai aka ci ba, sauran sun ce sai an kai mai kwanon wurin jandarma don kada wani ya koya. A shekarar yunwa ba wanda ke da sauran haƙuri.

Kwanakin da suka rage kafin Laraba ban san yadda na yi su ba. Na tsinka kunu har ana ganin gindin ludayi. Ƙaramin ɗana ya sha ya miƙo ƙwarya a ƙara, na ce masa ya ƙare, ya dube ni bai yi kuka ba, wannan ya fi kukan ciwo. Ina tsoron kada tsohuwar ta ji labari ta ƙi zuwa, bashin ya tabbata a kaina ba mai shaidata. Ina kuma tsoron ta zo. In na tuna yarana sai zuciyata ta tafasa, in ce wallahi ko uwar wa ce sai ta gane kurenta. In na tuna motar jandarma a ƙofar gidan da ba a gama takaba ba, sai jikina ya mutu. Ko mai na kasa matsawa da kyau, ƙuli-ƙulin satin nan duk ya farfashe a kasko.

Ran Laraba kasuwa ta cika, ga jakuna ga amalanke ga masu babur suna ta hon. Alhaji ya sa ni bayan buhuna, Inna a gefena. Mai gishiri da mai magani suka bar yaransu a rumfa suka zo suka zauna kusa, wai hira suke yi. Aka yi azahar aka dawo. Zufa ta jiƙa min mayafi. Can sai Inna ta damƙe min hannu. Na leƙa ta tsakanin buhuna na ga tsohuwar tana tahowa a ranƙwafe, zaninta ya koɗe, ƙafarta ba takalmi. Ta ɓoye kwanon a cikin mayafi, sai da ta iso gaban Alhaji ta fito da shi. Jan zaren yana nan, an ma wanke kwanon tas, ya fi wanda na zo da shi haske.

Ta ce a ba ta tiya ɗaya. Alhaji ya karɓi kwanon ya juya shi kamar yadda ya saba, sannan ya ce, “Ɗiyata, hito.” Na fito. Ban san lokacin da na miƙe ba. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi Inna, ba ta gudu ba, ba ta kuma yi ƙarya ba. Sai ta zame ta zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayi. Duk maganganun da na kwana shida ina wasawa suka taru a bakina. Abin da ya fito kawai shi ne, “Iya, don mi?” Ta ce, a hankali har sai da na sunkuya, “Shi ak kawo muna abinci rad da munka rasa shi. Da yaran sunka kwana biyu ba su ci ba, nic ce ko shi ƙara kawowa.”

Mutane sun fara taruwa. Mai gishiri ya miƙe tsaye. Alhaji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, “Ke muka saurare. Aikenki na, ko ba aikenki na ba?”

Ba zan yi wa kaina ƙaryar kirki ba. Ba tausayi ne ya fara zo min ba, haushi ne, don ina ganin kunun yarana a cikin kwanon nan. Abin da ya biyo baya kuma tsoro ne irin wanda ban taɓa ji ba. Na dubi tsohuwar nan a ƙasa, na dubi Inna a tsaye da sandarta, sa'o'in juna, kowace da ɗa namiji guda. Na waccan mota ta kashe. Na wannan wata nawa ba mu ji ɗuriyarsa ba. A zuciyata na ga Inna a zaune cikin ƙaiƙayin nan da kwanon wata a hannu, ni ina ɗaki cikin takaba ban san inda abincin ke fitowa ba. Na ji bakina ya ce, “Aikena na.” Mai gishiri ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, na ce duk abin da kwanon nan ya ɗauka har yau ni zan biya, amma daga yau kada a ƙara auna wa kowane kwano da sunana sai an ga Inna ko an gan ni.

Alhaji ya miƙo min kwanon. Na ce to a auna min hatsin gidana. Ya girgiza kai, ya ce magana ɗaya ce, sai na fara sauke na baya. Ban ga laifinsa ba, amma na ji zafinta. Haka muka fito daga kasuwar, ni da kwano a hannun dama da kwano a hannun hagu, duka ba komai, Inna a bayana, tsohuwar a bayan Inna. Haka har muka iso unguwa. A bakin masallaci tsohuwar ta tsaya kamar za ta yi magana, na wuce ban waiwaya ba. Na daɗe ban yafe mata ba, gaskiya ke nan.

Akuyata na fara sayarwa, wadda nake tanadi don ranar ciwo. Sannan jerena ya bi, dillaliya tana zuwa tana ɗauka da araha tana yi min jaje. Da kuɗin na rage na Alhaji har ya yarda ya riƙa ba ni rabin abin da ya saba. Mun sha wuya a bazarar nan, har ganyen da ban san ana ci ba mun ci. Wani lokaci in na soya ƙuli-ƙuli nakan tara gutsattsarin in ba Inna ta kai bayan masallaci. A ƙwarya nake zubawa, ƙwaryar da ba ta da shaidar kowa.

Tun daga nan kuma ban ƙara zama in jira labarin kaina ya iso ni ba. Kowace Laraba da yamma, in kasuwa ta fara watsewa, sai in lulluɓa in bi rumfunan, har waɗanda ba na hulɗa da su. In gaishe da mutum in ce, “Mi aka bina?” Matan unguwa suka sa ni a baki, wai ga wadda ke bin bashi tana nemansa da ƙafarta. Su faɗa. Sau ɗaya na tarar mai gishiri ya ɗora min na maƙwabciyata don zarenmu ya yi kama, muka warware a tsaye tun maganar tana ɗanya. Wani karon mai gyaɗa ya manta an biya shi, na tuna masa wanda ke zaune a wurin lokacin da Inna ta miƙa kuɗin. Da wata uku suka wuce kafin in ji, da ba mai tunawa. Duk da haka ban taɓa shiga kasuwar gabana bai faɗi ba, kullum ina jin yau ne za a ambaci abin da ban sani ba. Kafin kakar da ta biyo baya na sauke komai, ɗan ga-ruwa ya koma juye ruwa ba ya tsayawa a zaure.

Damina ta yi kyau a shekarar, amma maigidana bai zo shuka ba. Ni da Inna da yara muka yi abin da muka iya. Ana cikin girbi wani abokin tafiyarsa mutumin Illela ya yi sallama a zaure, da jakar maigidana a hannu. Da na hango jakar ban jira ya yi magana ba. Zazzaɓi ne, ya ce, tun watanni, kuma an yi masa sutura yadda ya kamata.

Gida ya cika. Kwanuka suka yi ta shigowa daga kowace kusurwa ta unguwa, da tuwo da shinkafa da fura, kowane da shaidarsa. Bayan sadakar uku mutane suka ragu, kwanukan suka taru a bayan ƙofar ɗakina. Ina zaune a tabarma cikin takaba, ba fita, ba kasuwa, ba matsar mai na wani lokaci, sai idona ya sauka a kan wani babban kwano mai ɗigon jan fenti biyu. Na gidan Alhaji mai hatsi ne. Ba rumfar da ba ta san shi ba a Ƙonni, ko buhu aka ce a ɗora a kansa za a ɗora ba tambaya. Na dube shi, na dubi randar hatsi, na dubi yarana. Ban taɓa shi ba. Amma na ji yadda tunanin aika shi kasuwa ya shigo min a sauƙaƙe, ba sallama, sai na tsorata da kaina.

Na ce, “Inna, a maida ma mutane kwanoninsu yau.” Ta ɗago jajayen idanunta ta ce, “Yau? Wa ka ta kwano yanzu? Ba wanda za shi tambaya.” Na ce, “Shi ya sa, Inna.”

Tsohuwar bayan masallaci tana zaune a bakin ƙofa. Tun ranar farko take zuwa, ta zauna nesa da ni, ba ta cewa komai sai gaisuwa. Da ta ji abin da na ce sai ta dafa bango ta miƙe. Ta kwashi kwanukan ta kai bakin randa, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya da toka, tana juya kowane tana duba gindinsa, tana jerawa gida gida. Da ta zo kan mai jan fenti ta ɗan tsaya. Ta goge shi da bakin zaninta, ta sa a cikin mayafi, sannan ta dube ni, karo na farko tun ranar kasuwa.

Ta ce, “Wanga shi za ni hwara kaiwa.”